Gyaran Allon Gudanarwa Bayan An Sabunta Manhajar Shafin Ofis

An shirya wannan darasi domin Hakimai, watau Uwayen Ƙasa kamar yadda a ke kiransu a ƙasashen Gwandu da Argungu, da kuma malamansu masu riƙe da littattafan ofis. Maganar da ke ciki ta shafi ko wane ofis da ya buɗe wa kansa shafi a intanet don buga sanarwa, ko jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, ko ranakun taro. Irin wannan shafi fuska biyu gare shi. Akwai wadda jama'a su ke gani, akwai kuma ta ciki, inda malami ya ke shiga da sunansa da kalmar sirri ya rubuta, ya gyara, ya goge. Ta cikin nan ita a ke kira allon gudanarwa. Sau da yawa a kan kwana lafiya, a wayi gari allon ya ƙi buɗuwa, ko kuwa ya buɗe amma maɓallansa sun daina aiki, alhali ba abin da ya auku sai dai manhajar da ke riƙe da shafin ta sabunta. Malamin da bai san dalili ba ya kan firgita, ya yi ta danne-danne, har ƙaramar ɓarna ta zama babba.

Abin da ya sami kwabo a 1973

Tsofaffin malaman ofis sun ga irin wannan al'amari tun kafin zuwan kwamfuta. Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira. A lokacin nan Birnin Kebbi da Argungu suna cikin Jihar Arewa maso Yamma, wadda hedkwatarta ke Sakkwato. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma ya zama naira ɗaya, wannan bai ba kowa wuya ba. Inda wuyar ta ke shi ne kwabo. A da kwabo 12 ke sule ɗaya, a sabon tsari kuwa kwabo 10 ne, amma sunan bai sake ba a bakin Bahaushe. Sisi, wanda ya ke kwabo 6 a tsohon lissafi, ya koma kwabo 5. Taro ya koma kwabo biyu da rabi.

To, a ɗauka akwai bashin haraji na fam 3 da sule 7 da kwabo 6 a tsohon littafi. Daidansa a sabon kuɗi naira 6 da kwabo 75. Malamin da ya juya fam da sule daidai, amma ya kwashe kwabo 6 ɗin nan yadda ya same su, zai rubuta naira 6 da kwabo 76. Kwabo ɗaya ne tak. Amma in ya yi haka a layi dubu, naira goma ta shiga littafi wadda ba ta cikin akwati, Ma'aji kuwa ba zai karɓi littafin ba. Kuskuren ya fito ne daga wurin da tsohon lissafi ya gamu da sabo, kuma can ne za a nemi maganinsa. Haka sha'anin manhaja ya ke, ba ragi ba ƙari.

Yadda aka gina shafin

Galibin shafukan ofisoshi a kan wata babbar manhaja a ke gina su. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce WordPress, wadda ta fara fitowa a 2003. A shekara ta 2021 aka ƙiyasta fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta su ke. Akwai kuma Joomla da Drupal. Misalan wannan darasi na WordPress ne, amma hanyar bincike ɗaya ce.

Babbar manhajar ba ita kaɗai ke aiki ba. A kanta akwai riga, watau abin da ya ke ba shafi kamanninsa da launinsa. Akwai ƙananan manhajoji na ƙari, waɗanda ma'aikata su ke kira filogin, ko wace da aikinta: wata ta hotuna, wata ta takardar cikewa, wata ta tsaro. A ƙarƙashi akwai harshen da aka rubuta su duka da shi, sunansa PHP, sa'an nan akwai rumbun bayanai inda ainihin rubuce-rubucen ofis su ke ajiye. Duk waɗannan suna zaune ne a cikin na'urar kamfanin da a ke biya kuɗin masauki. Ofis yana iya kasancewa a Gesse cikin Birnin Kebbi, na'urar kuwa tana Legas, ko Ingila, ko Amurka. Kwamfutar da ke kan teburin malami taga ce kurum wadda ya ke leƙawa ta ciki, sabo da haka kai ta wurin mai gyara a kasuwa ba ya warkar da shafi.

Masu yin waɗannan sassa mutane ne dabam dabam, ko wa da lokacin da ya ke sabunta nasa. In babbar manhaja ta sake wata ƙa'ida, mai filogin kuwa bai bi ba, sai filogin ta ci gaba da kiran abin da aka riga aka kawar. An ga haka a fili a watan Agusta 2020, sa'ad da WordPress 5.5 ta fito. A cikinta aka daina ɗora wani ɗan tsani mai suna jQuery Migrate, wanda aikinsa shi ne fassara tsofaffin umurni zuwa sababbi. Shafuka masu yawa da ke da tsofaffin filogin da riguna suka wayi gari allonsu yana buɗuwa, amma in an danna maɓallin sa hoto ko na buɗe jerin zaɓi ba abin da ke motsi. Har sai da masu WordPress suka fitar da wata filogin ta agaji, Enable jQuery Migrate Helper, don ta riƙe mutane kafin a gyara tsofaffin. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma PHP 8.0 ya fito, aka cire waɗansu tsofaffin umurni daga cikinsa, kamar create_function. Filogin da ke kiran wannan suna, ranar da kamfanin masauki ya ɗaga PHP ɗinsa ranar ta ke faɗuwa, ta ja shafin gaba ɗaya.

A nan akwai abin da ya kamata Hakimi ya sani kafin ya yi wa malaminsa faɗa. Tun daga WordPress 3.7, ta watan Oktoba 2013, manhajar ta kan yi wa kanta ƙananan sabuntawa ba tare da an umurce ta ba, kamfanin masauki ma ya kan sake PHP a lokacin da ya ga dama. In malami ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa kome ba," mai yiwuwa ne ƙwarai gaskiya ya faɗa.

Abin da za a fara yi

Wajibi ne malami ya janye hannunsa tukuna. Ya rubuta rana da sa'a, ya ɗauki hoton abin da ya bayyana a allo da wayarsa, yadda ko wane harafi zai karantu. Sa'an nan ya buɗe fuskar jama'a a wata waya dabam, mai layin wani kamfani dabam. In shafin ya buɗe a can, to matsalar tana ofis: ko layin sadarwa, ko kuwa burauza ta riƙe tsofaffin fayiloli tana gauraya su da sababbi. Share ajiyar burauza, ko buɗe taga ta sirri, ya kan warkar da wannan nan take. In kuwa shafin bai buɗe ko ina ba, a duba takardun biyan kuɗi. Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara, haka ma masauki. Sunayen da suka ƙare da .ng hukumar NiRA ke lura da su, na .gov.ng kuwa ta hannun NITDA a ke samunsu. Shafin da hayarsa ta ƙare ba sabuntawa ce ta kashe shi ba, ko da abubuwan biyu sun faɗo mako ɗaya.

Bayan an tabbata ɓarnar ta ciki ce, kada a gyara kome sai an ɗauki kwafin ajiya na fayiloli da na rumbun bayanai, yadda su ke a lalacensu. Waɗansu su kan ga wannan ɓata lokaci ne. Amma lalataccen shafi yana ɗauke da dukan sanarwar da aka buga har zuwa jiya, tsohon kwafi kuwa wataƙila na watanni uku da suka wuce ne.

Alamun ciwo da maganinsu

Alama mafi sauƙi ita ce sanarwa guda da Turanci, mai cewa an rufe shafi na ɗan lokaci don gyara, a dawo bayan minti ɗaya. Duk sa'ad da WordPress za ta sabunta, ta kan ajiye wani ɗan fayil mai suna .maintenance a babbar jakar shafi, kamar yadda a ke jingina tsintsiya a ƙofa in ana shara, in ta gama ta ɗauke shi. In aikin ya yanke a tsakiya, fayil ɗin ya kan zauna. Manhajar ta kan daina kula da shi in ya wuce minti goma, sabo da haka a yi haƙuri tukuna. In an jira bai buɗe ba, a shiga ma'ajin fayiloli na kamfanin masauki, a umurce shi ya nuna ɓoyayyun fayiloli, domin duk sunan da ya fara da ɗigo a ɓoye ya ke, a goge shi. Sa'an nan a maimaita sabuntawar da ta yanke, don rabin aiki ne ke nan a ƙasa.

Alama mafi ban tsoro ita ce farin allo fat, ko sanarwar cewa mummunan kuskure ya auku, ko lamba 500. Ma'anarta PHP ya ci karo da umurnin da ba zai iya bi ba, ya tsaya cik. Rubuce-rubucen ofis suna nan lafiya a rumbunsu. Hanyar zuwa gare su ce ta toshe. Tun daga WordPress 5.2, ta watan Mayu 2019, in haka ta faru manhajar ta kan aika wasiƙar imel zuwa adireshin mai gudanarwa. Wasiƙar ta kan ambaci sunan filogin ko rigar da ta jawo faɗuwar, ta kuma ba da wata mahaɗa ta musamman wadda za a shiga allon da ita, an dakatar da mai laifin. Mahaɗar kwana ɗaya ta ke yi ta mutu.

To, a nan ne ofisoshi da yawa su ke gane ba su mallaki shafinsu ba. A kan ba wani saurayi da ya iya kwamfuta aikin ginawa, ya sa adireshin imel nasa na kansa a matsayin na mai gudanarwa, ya yi rajistar suna da masauki da lambar wayarsa. Bayan shekara biyu ya tafi bautar ƙasa, ko ya sami aiki a Abuja, ko ya sake layi. Ran da allo ya yi fari, wasiƙar ceto tana can cikin akwatin da ba mai buɗewa, malami kuwa yana Birnin Kebbi yana kallon bango. Saurayin bai yi niyyar cuta ba. Ba a dai gaya masa yadda ofis ya ke son abin ba. Babu Hakimin da zai yarda hatimin ofis ya kwana a aljihun wanda ba ma'aikaci ba, amma ga shi a kan bar abin da ya yi daidai da hatimi a hannun baƙo shekara da shekaru. Ofishin da ya san halin da ya ke ciki ke nan, ya gyara yau, tun allon yana buɗuwa, domin sake adireshin aikin minti biyar ne a sashen saituna.

In wasiƙar ba ta samu ba, akwai wata hanya. A ma'ajin fayiloli a buɗe jakar wp-content, a cikinta akwai jakar plugins, ko wace filogin da ƙaramar jakarta. In an sake wa ƙaramar jaka suna, ko da da ƙarin harafi ɗaya ne, WordPress ba za ta gan ta ba, sai ta kashe wannan filogin. Wanda ya san wadda a ke zargi ya fara da ita. Wanda bai sani ba ya sake wa babbar jakar suna, ya shiga allon, ya buɗe sashen filogin don manhajar ta kashe su duka, sa'an nan ya mayar da sunan, ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, yana duba shafi bayan ko wace. Wadda allon ya faɗi a kanta ita ce. Malamin da ya taɓa neman kwabon da ya ɓace a littafin haraji ya san wannan aiki: layi-layi a ke bi, ba a tsallake. Mai gaggawa da ya kunna biyar tare, in shafi ya faɗi bai san ko wace ba ce, sai ya koma farko. In an kashe filogin duka ciwon bai tafi ba, a juya ga riga, a sa ɗaya daga cikin waɗanda su ke zuwa tare da WordPress a gani.

Akwai kuma littafin kurakurai, wanda ya ke rage wahalar lalube. A fayil ɗin wp-config.php, in an mai da WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG zuwa true, aka mai da WP_DEBUG_DISPLAY zuwa false, manhajar za ta riƙa rubuta ko wane kuskure a fayil mai suna debug.log cikin jakar wp-content, tare da sunan fayil ɗin da ya jawo shi da lambar layi. Sunan filogin mai laifi ya kan fito ƙarara a cikin wannan layi. Amma fa wp-config.php shi ke ɗauke da mabuɗin rumbun bayanai, waƙafi ɗaya da ya ɓace a cikinsa ya isa ya rufe shafi. Malamin da bai saba ba ya bar wa wanda ya saba, shi ya zauna kusa yana rubuta abin da aka sake. In an gama a mayar da saitin yadda ya ke, a goge debug.log, don baƙo yana iya karanta shi daga waje.

Sauran alamu ba su da nauyi haka. In allo ya ce rumbun bayanai yana bukatar sabuntawa, a tabbata akwai kwafin ajiya, a danna, a jira. In fuskar farko tana buɗuwa amma sauran shafuka suna ba da lamba 404, a shiga saitin adireshi na dindindin a danna ajiyewa ba tare da sake kome ba, manhajar za ta sake rubuta ƙa'idodin hanya. In kuskuren ya ambaci ƙarewar ma'adanar aiki, kamfanin masauki ne zai ƙara. Wani abin kuma ba ciwo ba ne sam: a watan Disamba 2018 WordPress 5.0 ta sake wurin rubutu gaba ɗaya, ta mai da shi tubali-tubali, mutane da yawa suka zaci lalacewa ce. Wanda ya fi son tsohon fasali sai ya sa filogin Classic Editor.

Masu cewa a daina sabuntawa

Bayan an sha irin wannan wahala, a kan sami mai ba da shawarar a kashe sabuntawa gaba ɗaya a huta. Wannan shawara ba ta da kyau ko kaɗan. Yawancin ƙananan sabuntawa toshe ɓaraka ce, kuma da zarar an sanar da ɓarakar, masu kutse sun ji. A ƙarshen Janairu 2017 WordPress 4.7.2 ta toshe wata kafa. Cikin makonni kaɗan aka ɓata fiye da shafuka miliyan ɗaya a wuraren da ba su sabunta ba, aka goge rubutunsu aka sa na masu kutse. A watan Oktoba 2014 masu Drupal suka sanar cewa duk shafin da bai toshe wata ɓaraka ba cikin awa bakwai da bayyana ta, a ɗauka an riga an shige shi. Shafin da ke ɗauke da sunan masarauta, in aka buga sanarwar ƙarya a kansa, jama'a za su ɗauka daga bakin Hakimi ta fito. In kuma akwai sunayen talakawa da lambobin wayarsu a ciki, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su.

Ofishin da shafinsa ke kan Joomla 3 ko Drupal 7 kuwa, nasa ya wuce gyaran allo. Masu Joomla sun daina kula da ta 3 a watan Agusta 2023, masu Drupal sun daina kula da ta 7 a watan Janairu 2025. Sai ƙaura zuwa sabuwa, kuma aiki ne da za a yi wa kasafi.

Lokaci da littafi

Babbar sabuntawa a kan zaɓar mata rana. Kada a yi ta ran Jumma'a da hantsi, ko jajibirin Salla, ko ana saura mako ɗaya bikin kamun kifi na Argungu, sa'ad da baƙi su ke neman tsarin ranaku. Kada kuma a yi ta a tsakiyar Agusta da Satumba in akwai halin jinkirtawa, domin lokacin ne ruwa ya kan cika fadamar Rima, ofis ya bukaci buga gargaɗi cikin gaggawa. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ya san darajar sa'a ɗaya a irin wannan rana. Wannan jinkiri na manyan sabuntawa ne kaɗai. Ta tsaro ba a jinkirta ta. Safiyar Litinin ko Talata ta fi, batir a cike, layi da ƙarfi, ma'aikatan kamfanin masauki kuma suna bakin aiki. A ɗauki kwafin ajiya, a sabunta filogin ɗaya-ɗaya, sa'an nan riga, sa'an nan babbar manhaja. Kamfanonin masauki da dama suna ba da wurin gwaji, watau kwafin shafi wanda jama'a ba su gani. Inda akwai shi, can za a fara. Filogin da aka daina amfani da ita, ko wadda mai ita ya yi shekaru bai taɓa ba, a cire ta.

Ya kamata ko wane ofis ya ware littafi na takarda, mai bango, don wannan aiki. A ja masa layuka: rana, abin da aka sabunta, tsohuwar lamba, sabuwar lamba, inda aka ajiye kwafi, sa hannun malami. Hakimi ya riƙa dubawa ƙarshen wata kamar sauran littattafai, ko da bai san PHP ba, don abin da zai duba shi ne ko an cika layin kwafi. Sunan shiga da kalmomin sirri na allon, da na masauki, da na imel ɗin ofis, a rubuta su a rufe cikin ambulan a ajiye inda a ke ajiye hatimi. Duk ran da malami ya bar aiki ko aka yi masa canji, a sake su, a sake ambulan.

In abin ya gagara aka rubuta wa kamfanin masauki, wasiƙar ta zama gajeriya: sunan shafi, rana da sa'ar da ciwon ya fara, hoton allo, layukan ƙarshe na debug.log, da abin da aka riga aka gwada bi da bi. A tambaye su ko sun sake lambar PHP a wannan mako, in sun sake a roƙi su mayar da tsohuwar na 'yan kwanaki kafin a musanya filogin da ta gaza. A tambaye su kuma ranar kwafin ajiya na ƙarshe da ke hannunsu, kada a yarda su mayar da shi sai malami ya kwafe sanarwar da aka buga bayan wannan rana.